Yadda Ake Wanke Winchester 1873 Bayan Harbi da Baƙin Albarushi

A Amurka har yanzu masu gasar harbi irin ta makiyayan zamanin da suna riƙe da bindigar Winchester samfurin 1873, galibi ba ta asali ba, sabuwar ƙira ce da Uberti na Italiya ko Miroku na Japan ke yi. Da yawansu suna ɗura mata harsashin .44-40 mai baƙin albarushi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga a hawan sallah ya san wannan farin hayaƙi da warin farar wuta. Fiye da rabin albarushin ba ya zama iska, toka yake zama, tokar kuma gishiri gare ta mai jan laima. In ta kwana a bututu lokacin damshi, tsatsa ta samu gida. Don haka ranar harbi ita ce ranar wanki.

Kayan aiki: sandar goge bututu da ƙaramin zoben da ke tsare ta a tsakiya, burushi mai kaurin .44, tsummokin auduga masu faɗin inci 2, ruwan ɗumi da ɗigon sabulu, man Ballistol, da sukundireba mai bakin da ya cika tsagar sukurun daidai.

Kafin komai, a juya bakin bindigar inda babu kowa, a yi ta jan liba, wato hannun ƙarfen da ke ƙasan bindigar, har ta daina tofo harsashi. A leƙa ɗakin harsashi, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu, a kuma tabbata an ga kan abin da ke turo harsasai daga bututun ƙasa. A fitar da harsasan daga ɗakin da ake aiki gaba ɗaya.

Ruwa ne maganin tokar nan, mai ba ya narkar da gishirinta. Galibin man da aka tace daga ɗanyen fetur ma ɓarna yake ƙarawa, don yana haɗuwa da toka ya zama kamar kwalta. Masu harkar suna gauraya Ballistol kashi 1 da ruwa kashi 10, ya yi fari kamar madara. Ruwan ya kwashe gishiri, in ya bushe ya bar ɗan maiƙo.

Wahalar 1873 ita ce ta baki ake shigar da sanda, ƙazantar kuwa tana gangarawa cikin inji, wato sassan da ke ɗura harsashi da fitar da kwanso. Dabarar ita ce a buɗe liba, a kifa bindigar ramin fitar kwanso ya kalli ƙasa, a sa tsumma a ƙarƙashi, baƙin ruwan ya zube waje. Wasu kan rufe ɗakin harsashi da fankon kwanso, shi ma yana yi. Kada a raina zoben nan na sanda. In sanda tana gogar leɓen bututu, sannu a hankali za ta cinye shi ta gefe ɗaya, harsashi ya riƙa kaucewa, mai bindiga ya yi ta zargin idonsa.

A tura jiƙaƙƙen tsumma uku ko huɗu. Na farko zai fito baƙi ƙirin. A bi da burushi kamar sau goma, kowane turi ya kai ƙarshe kafin a jawo, don juya shi a tsakiya na karya gashinsa. A koma kan jiƙaƙƙu har su fito fes, sai busassu, sai guda ɗaya mai tsantsar Ballistol. In aka ga ɓarɓashi mai ƙyalli a tsumma, dalma ce ta manne, alamar maiƙon da ke jikin harsashin ya gaza. Ruwa mai tafasa yana saurin bushewa, amma yakan bar jan tsatsa nan take, shi ya sa ɗumi ya fi.

Injin ba kullum yake buƙatar kwancewa ba. Wuyan kwanson .44-40 ba shi da kauri, yana buɗewa ya toshe ɗakin, hayaƙi kaɗan ne ke komawa baya. Sabbin ƙirar da ke cin .45 Colt, wanda ta asali ba ta taɓa ci ba, sun fi ƙazanta inji saboda kaurin kwanson. In liba ta fara nauyi, a goge tubalin tagullar nan mai ɗaga harsashi, a kwantar da bindigar, a kwance sukuru guda da ke riƙe faifan gefe. A kula, gaɓoɓin ƙarfe biyu da ke kulle inji suna iya zubowa, na dama daban na hagu daban. A goge, a ɗiga mai kaɗan a mahaɗarsu, a mayar.

Kwansunan da aka harba a zuba su cikin gorar ruwan sabulu tun a fili, a girgiza, a ɗauraye, a shanya bakinsu ƙasa. Ban da duk wani abin goge ƙarfe mai amoniya, yana sa tagulla tsagewa.

Bayan kwana biyu ko uku a sake tura busasshen tsumma. In ya fito da ja ko toka-toka, gishiri ya saura, a maimaita daga jiƙaƙƙen tsumma.