Kod ɗin AI: kurakuran da na gaji da gyara wa ƙannena a Nima

Tun da ChatGPT, AI ɗin nan da ake hira da shi, ya fito a ƙarshen 2022, yaran da ke koyon rubuta manhaja a wurina nan Nima sun daina zuwa da tambaya. Kod (rubutun umarnin manhaja) suke kawowa wanda AI ya rubuta, dogo, mai kyan gani, wanda ba su karanta ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai na kuɗi ne, don ni ya fara kayarwa. Na yi wa wata hajiya mai karɓar susu manhajar lissafi, masu zubi suna biya ta MoMo. Na bar AI ya rubuta ɓangaren karɓar sanarwar biya, na gwada sau ɗaya, ya yi, na miƙa. Ashe idan intanet ta yi rauni, sanarwa ɗaya kan zo sau biyu, manhajar kuwa sai ta rubuta wa mutum zubi biyu. Ranar kwasa ta kira ni: "Ɗana, abin da ke rubuce ya fi abin da ke hannuna." Daga aljihuna na cike, har yau ina jin nauyin haɗa ido da ita. Yanzu kowane biya sai na adana lambar shaidarsa, in ta sake zuwa a ƙi ta, kuma da gangan nake tura sanarwa sau uku wajen gwaji.

Kada kuma ka yarda AI ya ajiye maka lissafin sidi da lamba mai ɗigo. Buɗe Python (wani yaren rubuta manhaja) ka rubuta 0.1 + 0.2, za ka ga 0.30000000000000004 maimakon 0.3. Ni da pesewa nake lissafi, ba ɗigo.

Kai ƙanena da ke sauke duk ƙunshin kod na wasu da AI ya ambata, me ke damunka? AI yakan ƙirƙiro sunan ƙunshin da babu shi, ɓarayi kuma suna iya rajistar wannan sunan a npm ko PyPI, rumbunan da ake sauke ƙunshi daga gare su, su cusa mugun abu a ciki. Duba wa ya rubuta shi, yaushe, mutum nawa ke amfani da shi. Minti biyu ne, haba!

Makullin sirri na manhajarka ba ya hawa GitHub, shafin da ake ajiye kod; in ya hau, canza shi nan take. Lambar Ghana Card ta mutane ba ta shiga akwatin hira da AI, akwai dokar kare bayanai tun 2012. Lambar waya kuwa, gwada ta a manhajarka da 0 a gaba, ka sake gwadawa da +233.