Yadda Ake Gano Abin da Mutum Yake Nufi Kafin a Ce Ya Yi Ƙarya

Yawancin rigingimun da ake kirana in sa baki a kansu, a unguwa ko tsakanin 'yan kasuwar hatsi, babu mai musun abin da ya faru. An karɓi kuɗi, an yi magana, an rabu. Saɓanin yana kan me maganar take nufi. Wannan ya ce "ai ka yi min alkawari", wancan ya ce "ni ban ce haka ba", kuma sau da yawa dukansu gaskiya suke faɗa. Abin yana damuna ƙwarai, don na ga zumuncin shekaru ya watse saboda an kira mutumin kirki maƙaryaci alhali bai yi ƙarya ba. Ga hanyar da nake bi. Rabinta a zauren karatu na samo ta, wajen usulu (ƙa'idojin ciro hukunci a fiƙihu) da balaga (ilimin fasahar magana), rabinta kuma a rubuce-rubucen masana falsafar harshe na Turai.

Fara da neman lafazin kansa. Wanda yake kawo maka ƙara fassararsa yake kawowa, ko da bai sani ba. Tambaye shi a hankali: me ya fito daga bakinsa, a ina, gaban wa? Na zauna da wasu mutum biyu a kan bashin kuɗin taki. Mai kuɗin ya rantse an ce masa da kaka za a biya. Da aka tono zancen, ashe abin da manomin ya faɗa shi ne "in na sayar da masarata zan biya ka". Mai kuɗi ya ji kaka, don a saninsa lokacin ake kai hatsi kasuwa. Shi kuwa manomin tun tasowarsa rumbu yake zubawa, sai farashi ya ɗaga gab da damina ya fitar. Da lafazin ya fito fili sai murya ta sauka, aka koma zancen sa rana. In akwai saƙon murya a waya, a kunna a saurara tare.

Sai ka tambayi kanka wane aiki maganar ta yi. J. L. Austin, malamin falsafa a Oxford ta Ingila, ya gabatar da laccoci a Harvard a 1955, aka buga su a 1962 bayan rasuwarsa. Ya nuna cewa akwai maganganun da faɗarsu ita ce aikata su. Mai kaya ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa. Waliyyi ya ce "na ba shi", wakilin ango ya ce "na karɓa", aure ya ɗauru. Irin wannan ba a auna ta da gaskiya ko ƙarya. Ana duba ko sharuɗɗanta sun cika: mai faɗar yana da ikon faɗarta? A muhallinta ya faɗe ta? Yaron shago da ya sallama kayan da maigida ya hana shi sayarwa, sallamarsa ba ta zauna ba. Don haka ka tantance ko abin da ke gabanka alkawari ne, ko fata, ko shawara, ko kuwa kara ce kawai aka yi. "Zan yi ƙoƙari" da "na ɗaukar maka alkawari" nauyinsu ba ɗaya ba ne, amma mai buƙata yakan ji su duka a matsayin alkawari.

Mataki na uku shi ne mafi wahala, kuma nan na fi daɗewa. Ka raba abin da aka furta da abin da aka bar mai ji ya fahimta. Paul Grice, wani masanin falsafar harshe, a laccocin da ya yi a 1967 waɗanda aka buga sashensu a 1975, ya kawo misalin malamin da aka nemi ya rubuta shaida a kan ɗalibinsa mai neman aikin koyar da falsafa. Sai ya rubuta cewa yaron ya iya Turanci kuma ba ya fashin aji, ya tsaya nan. Bai kushe shi da ko kalma ɗaya ba, amma duk wanda ya karanta ya san an ce bai cancanta ba. Dalili, muna ɗaukar cewa mai magana zai faɗi abin da ya dace gwargwadon buƙata, to in ya kauce da gangan sai mu nemi saƙon a cikin kaucewar.

Malamanmu sun daɗe da wannan. Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a shekara ta 471 bayan hijira, ya bambanta ma'ana da abin da ya kira ma'anar ma'ana. Balarabe zai ce wane tokar murhunsa tana da yawa. Ma'ana ta farko toka ce. Daga toka ka gane yawan girki, daga girki ka gane yawan baƙi, ka isa ga abin da ake nufi, wato karimci. Masana usulu kuma suna da manɗuƙi da mafhumi, wato abin da lafazi ya furta da abin da ake fahimta daga gare shi. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana a ce wa iyaye "uf", kuma babu mai hankalin da zai ce tunda ba a ambaci duka ba an halatta shi.

A wurinmu ma haka zance yake tafiya kullum. Ka taya kaya a ce maka "albarka", ka san kuɗinka bai kai ba. A je neman aure uban yarinya ya ce "ai karatu take yi tukuna", dattawan da aka aika sun gane amsar, su yi godiya su tashi, kowa da mutuncinsa. Grice ya ba da gwaji mai amfani: abin da aka bari a fahimta ana iya janye shi ba tare da mutum ya ci karo da kansa ba. Uban zai iya ƙarawa da "amma in kun amince ta ci gaba a ɗakinta, bismillah". Mai kaya kuwa ba zai ce "na sallama amma ban sayar ba" a saurare shi.

A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Samun damar janyewa ba ya wanke mutum. Wanda ya sayar da babur ya ce "injin nan bai taɓa ba ni matsala ba", yana sane an taɓa yin hatsari da shi har ƙarfen jikinsa ya lanƙwashe aka miƙar, kowace kalmarsa gaskiya ce, amma ya shirya su ne don a fahimci cewa babur ɗin lafiyayye ne. A zaman sulhu nakan ce masa ya yi ha'inci, ko da ba zan ce ya yi ƙarya ba.

Na huɗu, duba sunaye. Gottlob Frege na jami'ar Jena a Jamus ya rubuta a 1892 cewa sunaye biyu suna iya nuni ga abu ɗaya ta hanyoyi daban. Misalinsa tauraron asuba da tauraron maraice, wato Gamzaki da Zara, waɗanda abu ɗaya ne ke fitowa a lokuta biyu. Wanda bai san haka ba zai iya yarda da magana a kan ɗaya ya musa ta a kan ɗayan, ba don taurin kai ba. A kasuwa akasin haka ya fi cutarwa, wato suna ɗaya abubuwa biyu. Tiya da mudu da buhu suna sauya girma daga kasuwa zuwa kasuwa. Ka sa kowa ya kawo kwanon da yake nufi a ajiye a tsakiya.

Daga nan za ka ci karo da "ni ba haka nake nufi ba". Ka saurare shi, amma kada ka rufe zance a kansa. Ludwig Wittgenstein, shi ma masanin falsafa, a aikinsa da aka buga a 1953, ya ce a mafi yawan lokuta ma'anar kalma ita ce yadda ake amfani da ita a harshen. Kalma ta jama'a ce, mutum ɗaya ba ya sauya mata ma'ana a zuciyarsa bayan ta fita. Fiƙihu ya yi wannan rabon a babin saki: lafazi bayyananne hukuncinsa daban, kinaya ɓoyayyiya kuma a koma ga niyya. Irin wannan dai ba na taɓa shi, wurin malami ko alƙali nake tura su. A ciniki da bashi kuwa nakan kira dattawa biyu na wannan sana'ar in tambaye su abin da lafazin yake nufi a bakin 'yan kasuwarsu, tunda al'ada abar hukunci ce.

In an daidaita, kada a tashi sai an sake faɗar yarjejeniyar da sababbin kalmomi. A cire "kwana biyu" da "in Allah ya hore" daga wurin sa lokaci, a sa ranar wata, adadin kuɗi, da kwanon awo. Kowanne ya maimaita da bakinsa gaban shaidu, a rubuta a takarda biyu, kowa ya tafi da tasa.