Yadda za a zaɓi kaskon baƙin ƙarfe mara nauyi domin girkin yau da kullum

Mafi yawan kasaken da ake gani a kasuwannin Garwa da Marwa da Kusiri, a arewacin Kamaru, na alminiyam ne, wanda maƙera ke narkarwa daga tsofaffin kayayyaki su zuba a cikin yashi. Shi ya sa abu na farko ga mai neman kaskon baƙin ƙarfe na zubi shi ne ya tabbatar cewa abin da aka miƙa masa ƙarfen ne da gaske, domin baƙin fenti yana iya rufe komai. A tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu: yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyam. A kuma duba mariƙin, domin a kaskon zubi na asali jiki ɗaya suke da kaskon, babu ƙusa ko walda a tsakaninsu.

Batun nauyi ne ya fi buƙatar natsuwa. Amfanin baƙin ƙarfe shi ne yana riƙe zafi, ta yadda idan aka jefa kifin Binuwai ko yankan nama mai sanyi, kaskon ba zai huce nan take har abincin ya koma dahuwa cikin ruwansa ba. Wannan riƙon zafi kuwa daga kaurin ƙarfen yake zuwa, saboda haka duk abin da aka rage na nauyi, an rage wani abu na zafi. Kaskon Lodge, kamfanin Amurka da aka kafa a 1896, mai faɗin santimita 26 ya haura kilo 2, babbansa mai santimita 30 kuma ya haura kilo 3, wanda ba kowace uwargida ce za ta ɗaga shi da hannu ɗaya cike da mai ba. A ganina, ga gida mai matsakaicin iyali, kasko mai santimita 26 da nauyinsa bai wuce kilo 2 ba ya wadatar, muddin an rage ƙarfen ne daga gefuna, gindin kuma ya kasance da kaurinsa. Ana gane haka ta kama gefen da yatsu biyu, sannan a kwatanta shi da gindin. Gindi mai sirantaka yana ƙona tsakiyar wainar ƙwai tun gefenta bai nuna ba, musamman a kan gas, inda wuta ke dukan wuri ɗaya. A kan gawayi matsalar tana da sauƙi, tunda garwashi yana baje zafinsa.

Sai kuma batun gogewar cikin kaskon, ga asalinta. Kaskon da ya fito daga yashi yana da kaushi, sai a bi cikinsa da inji har ya yi sumul, kamar yadda tsofaffin kamfanonin Griswold da Wagner na Amurka suka riƙa yi, abin da ya sa har yau ake neman kasakensu a cikin kayan gwanjo. Gogaggen kasko ya fi saurin sakin ƙwai, ya fi kuma sauƙin sharewa. Sai dai santsin ƙarfe kaɗai ba ya hana kamu. Man da aka ƙona a jikinsa har ya zama baƙar fata mai tauri shi ke wannan aikin, kuma a kan ƙarfe mai santsi ƙwarai fatar takan ɗan jima kafin ta zauna.

Kafin a biya kuɗi, a ɗora kaskon a kan tebur mai shimfiɗe a danna gefensa. Idan yana rawa, gindinsa ya lanƙwashe. A riƙe shi ta mariƙi a ƙwanƙwasa da cokali: lafiyayye yana amo mai ɗan tsawo, mai tsaga kuwa amonsa a dushe yake, kuma irin wannan ba ya gyaruwa a sauƙaƙe, ko da mai kaya ya rantse. Tsatsa ta sama ba abin tsoro ba ce, soson ƙarfe yana fitar da ita, har ma takan zama dalilin neman ragi. Ramuka masu zurfi a cikin kaskon su ne abin gudu.

Idan an kawo shi gida, a wanke, a busar da shi a kan wuta, a shafa man gyaɗa ko man auduga irin su Diamaor kaɗan ƙwarai, a goge da tsumma har ya zama kamar ba a shafa ba, sannan a bar shi a wuta har hayaƙi ya tashi ya lafa. A maimaita haka sau uku ko huɗu. A makonnin farko a ba shi suyar ƙosai da dankali da albasa, a nisanta shi daga miyar yakuwa da tumatir da tsamiya, domin tsaminsu yana cin fatar man. Kada a zuba masa ruwan sanyi yana tsananin zafi, don yana iya tsagewa, kada kuma ya kwana a jiƙe, musamman da damina.