Yadda kamfanin cakulan zai sayi koko ta hanyar cinikin adalci

Kokon cakulan ake nufi, ba na safe da ƙosai ba, wanda Ghana da Kwaddebuwa ke noma fiye da rabin na duniya. Mai son buga tambarin Fairtrade, wato alamar cinikin adalci, a jikin kayansa ya sani ba shi kaɗai ake bincika ba. Duk hannun da koko ya bi, daga ƙungiyar manoma zuwa mai fitarwa zuwa mai niƙa, sai yana da shaidar FLOCERT, hukumar da ke binciken. Hannu ɗaya ya rasa, tambari ya tafi.

Fara da ƙungiyar gama kai ta ƙananan manoma, irin Kuapa Kokoo ta Kumasi da aka kafa a 1993. Karɓi lambar shaidarsu ka duba a shafin FLOCERT ko tana aiki, don ana dakatar da wasu. A Ghana ba ka shiga ƙauye ka loda buhuna ka fita da su: COCOBOD, hukumar koko ta ƙasar, ita ce ke yanke farashin da ake biyan manomi, ta hannun reshenta na kasuwanci kuma ake sayarwa waje.

Kuɗin kashi biyu ne. Akwai farashin da ba a sauka ƙasa da shi, akwai kuma ƙari a kan kowane tan. A 2019 an sa dala 2,400 da ƙarin dala 240. Ana sabunta su, saboda haka duba na yanzu kafin ka sa hannu. In kasuwa ta fi, farashin kasuwa za ka biya, kamar a 2024 da tan ya haura dala 10,000, ƙarin kuma yana nan daram. Nan ne sababbi ke tuntuɓe: su cusa ƙarin cikin kuɗin kaya. Rubuta shi daban a takardar biya, ya shiga asusun ƙungiya, babban taronta ne zai yanke ko rijiya za a haƙa ko aji za a gina. Ba ruwan mai saye. In ƙungiya ta nemi kafin alƙalami, ƙa'ida ta kai har kashi 60 cikin ɗari na kwangila, don ƙungiyar da ba ta da kuɗi a hannu lokacin girbi, 'ya'yanta mai tsabar kuɗi za su sayar wa.

Tambari ba ya gyara ruɓaɓɓen koko. Ɗebi ƙwaya 300 ka tsaga kowace gida biyu. Wadda ta kwana biyar zuwa shida a lulluɓe da ganyen ayaba za ka ga cikinta ruwan ƙasa, da tsage-tsage. Mai launin toka, shafaffiya, ba ta tsima ba, ɗaci za ta yi. Danshi kada ya wuce kashi 7.5 zuwa 8, in ba haka ba fumfuna ta kama buhu a cikin jirgin ruwa.

Ga haɗi kuma, duk abin da ake samu da shaida, sukari ne ko banila, sai ka saye shi da shaida, jimillarsu kuma ta kai kashi 20 na kayan. An yarda a gauraya koko mai shaida da marar shaida a masana'anta, muddin abin da ka sayar da tambari bai zarce abin da ka saya ba. Mai bincike rasit zai jera, shiga da fita, tan da tan. Kada ka buga kwali sai ka sami lasisin amfani da tambarin an kuma amince da zanen, in ba haka ba sai ka sake bugawa da kuɗinka.