Yadda za ka ƙara wa esin motarka sanyi da hannunka

Da zarar esi ya rage sanyi, abin da ke fara zuwa ran mai mota shi ne a ƙara gas. Sau da yawa kuwa gas ɗin lafiyarsa lau. Ko dai zafin da esi ya kwaso daga cikin mota ya rasa hanyar fita, ko kuma wani zafin yana kutsowa ta wata kafa. Waɗannan biyun kana iya magance su da kanka.

Fara da awo. Ka sa ma'aunin zafi a bakin mafitar iska ta tsakiyar dashbod, ka rufe gilasai, ka danna madannin da ke juya iskar cikin mota, ka riƙe inji a kan juyi 1,500 a minti ɗaya (rpm) na tsawon minti biyar zuwa goma. Esi mai lafiya yakan ba da iska tsakanin digiri 5 zuwa 10. Rubuta abin da ka samu, ka riƙa maimaita awon bayan kowane gyara.

Kwandensa ita ce inda aikin ya fi yawa. Tana gaban lagireto, kuma a nan gas ke zubar da zafinsa. Ƙura, ƙwari da ganye suna toshe siraran haƙoranta. Kashe mota, bari ta huce, ka wanke ta da tiyo mai ruwa a hankali, daga baya zuwa gaba idan hannu zai kai. Kada ka sa injin wanki mai ƙarfi, yana kwantar da haƙoran, ka ƙara toshe abin da ka zo buɗewa. Waɗanda suka lanƙwashe ka miƙe su da siririn sukundireba. Ka haska tocila a tsakanin kwandensa da lagireto, domin a nan datti ke taruwa kamar auduga ba a gani.

Ga wani abu da ake yawan mantawa: soson da kamfani ya liƙa a gefen kwandensa da lagireto yana ruɓewa da shekaru. In babu shi, fankar lagireto za ta riƙa jawo iska ta gefe maimakon ta ratsa kwandensa. Sayi soso mai gam wanda ke jure zafi, ka cike gibin sama, ƙasa da gefuna. Wannan ƙaramin aiki ne, amma a cunkoso za ka ji bambancinsa.

Motar da ke sanyi a kan gudu, ta koma ɗumi a tsaye, fankarta za ka tuhuma. Kunna esi ka leƙa: ya kamata ta tashi cikin ɗan lokaci. In ba ta tashi ba, duba fiyus da rile (ƙaramin makunnin da ke ba fanka wuta) kafin ka sayi sabuwa. Mai son ƙara fanka ta biyu a gaban kwandensa ya ja mata waya daga batir ta kan rile da fiyus nata, ya kuma tabbatar tana tura iska zuwa wajen inji. Idan aka juya wayoyin, fankokin biyu za su riƙa faɗa da juna.

Filtar iskar ciki yawanci tana bayan akwatin dashbod na gefen fasinja. Canza ta duk kilomita 15,000 ko sau ɗaya a shekara, ka bi kibiyar da ke jikinta.

Sai zafin da ke kutsowa. A motoci da yawa, ruwan inji mai zafin kusan digiri 90 yana zagaya hita a cikin dashbod koyaushe, ƙaramar ƙofa ce kawai ke raba shi da iskar sanyi. In soson ƙofar ya cinye, zafi sai ya gauraya da sanyi. Gwaji: da inji a sanyaye, matse tiyon da ke shiga hita da matsi mai laushi, ka tayar da mota ka sake awo na ɗan lokaci, idonka na kan allurar zafin inji. Idan sanyi ya ƙaru, sa bawul a kan tiyon. Ka zaɓi irin mai baki huɗu da ke mayar da ruwa inji, saboda wasu injuna suna buƙatar ruwan nan ya ci gaba da yawo. Ka riƙa buɗe shi lokaci-lokaci don kada hita ta toshe.

Bututu mai kauri da ke yin sanyi da raɓa, ka naɗe shi da soson bututu inda ya bi kusa da inji. Siririn mai zafi kuwa ka bar shi tsirara, yana buƙatar hucewa.

Idan esi na aiki da safe, ya ɗauke bayan inji ya yi zafi, auna tazarar kulocin kwamfuresa (famfon da ke matsa gas), wato gibin da ke tsakanin faifan gabanta da fulin da bel ke juyawa, da inji a kashe. Yawanci tana tsakanin milimita 0.4 da 0.8. In ta wuce, maganaɗisun kulocin ba ya iya jan faifan. Kwance ƙusar tsakiya, zare faifan, cire siririyar washa ɗaya, ka mayar ka sake aunawa.

Kada ka yarda da shawarar cire na'urar da ke kashe kwamfuresa in sanyi ya kai maƙura. Ƙanƙara za ta daskare a kan tukunyar sanyi ta cikin dashbod, iska ta daina fitowa.

Game da gas, akwai takarda a ƙarƙashin bonet da ke faɗin irinsa, R134a ko R1234yf, da nauyinsa a giram. Ba a haɗa su, kuma wuce adadin yana ɗaga matsi, ya rage sanyi, ya wahalar da kwamfuresa. Ka guji gwangwanin da ke ɗauke da maganin toshe yoyo, yana toshe ƙananan hanyoyin gas. Gas na ƙona fata da ido da tsananin sanyinsa, don haka kada ka kwance kowane bututu. In ka ga danshin mai a mahaɗar bututu, yoyo ne: a gyara shi, a zuƙe iska da danshi da famfo na aƙalla minti 30, sannan a zuba gas a kan sikeli. Wannan ɓangaren na mai kayan aikin ne.