Ga masu shirin yanka tabarau a nan Jidda

Salamu alaikum 'yan uwa. Kafin ku biya riyal ko ɗaya, ku tambayi lambar gilashin: 1.50 ne, 1.60 ko 1.67? Idan lambar ta hau, gilashin sai ya yi siriri, kuɗinsa kuma ya ƙaru. Wanda awon idonsa, wato lambar da aka rubuta masa bayan gwajin ido, bai wuce 2 ba, 1.50 ya wadace shi, kada a lallashe shi ya sayi mai tsada. Mai awon ido 6 zuwa sama shi ke bukatar siririn, kuma ya zaɓi ƙaramin firam, don babba na ƙara kaurin gefe.

Ku dage a auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanunku. Wani shago ya yi wa mahaifiyata sakaci da wannan, ta sha ciwon kai har muka sake yankawa.

Sai direbobinmu: gilashin da ke yin duhu a rana ba ya duhu sosai cikin mota, domin gilashin motar na tare hasken da ke sa shi canjawa. Zafi irin namu ma yana rage duhun. Kuma don Allah kada ku bar tabarau a mota da azahar, zafi na sa siririn shafen da ake yi wa fuskar gilashin ya tsattsage.