Kurakuran da aka fi yi wajen cire tayar gaban babur da mayar da ita a gida

Cire tayar gaba ba aiki ne mai wuya ba. Noti ɗaya ne, sai shaf ɗin da ya ratsa tsakiyar wili, sai birki. Wajen mayarwa ake samun ɓarna, kuma akasarinta daga sauya jerin aikin take fitowa: a yi abin da ya kamata ya zo ƙarshe a farko. Tayar gaba ita ce ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin birki, ita ce kuma ke juya babur, don haka ba wurin "ai zai yi" ba ne.

Kuskure na farko ana yinsa tun kafin a taɓa taya. Mutum ya ɗaga gaban babur sama, sannan ya kama sifana zai kwance notin shaf. Notin nan a ɗaure yake tamau, ƙarfin da za ka sa kuwa shi ne zai ture babur daga kan abin da ya tokare shi. Ka sassauta notin tun taya tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Idan babur ɗin yana da ƙafar tsakiya, ka kafa shi a kanta a daɓe mai tauri, ka tokare ƙarƙashin inji da katako mai faɗi, ko wani ya danne maka bayan. Ƙaramar ƙafar gefe ita kaɗai ba ta riƙe babur da ba shi da tayar gaba. Kada kuma ka sa jak a jikin salansa, lotsewa za ta yi.

Da shaf ya fita, ƙananan bushin da ke gefe da gefen wili sukan faɗo ƙasa su gangara. Da yawa sai su tsince su su zuba a kwano ɗaya, a zatonsu duk ɗaya ne. A babura da dama na hagu da na dama ba tsayinsu ɗaya ba. Ka musanya su, wili ya karkace daga tsakiya, faifan birki ya riƙa gogar kalifa, wato ƙarfen nan da ke maƙe faifan. Ka manta da ɗaya kuwa, ɗaurin noti zai matse inda bai kamata ba, boris ya ci kansa. Maganin mai sauƙi ne: ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka zare komai, kana zare shaf kuma ka jera masa bushin da washa yadda suka fito.

Ga wanda na fi so a kula da shi. Taya tana waje, sai hannu ya kai kan hannun birki ya matsa, ko yaro ya zo wucewa ya latsa. A babur mai birkin faifai, babu abin da zai tare takalman birkin a lokacin, sai fistin ya turo su su haɗe. Ka zo mayar da taya, faifai ya ƙi shiga. Idan aka matsa da yawa ma fistin na iya fitowa gaba ɗaya, man birki ya zube, iska ta shiga, aikin ɗan lokaci ya koma na yini. Ka sa ɗan katako ko kwali mai kauri tsakanin takalman da zarar faifai ya fita. In kuma sun riga sun haɗe, ka tura su baya a hankali da abu mai faɗi mai tsabta, ba tare da ka kankare fuskarsu ba, kana duba ƙaramin tankin man birki kada ya tumbatsa, domin man nan yana cin fenti. In ka kwance kalifa, ka rataye shi da waya ko igiya. Barin sa yana lilo a jikin tiyo yana raunana tiyon daga ciki, inda ido ba ya gani.

Kada a kwantar da wili a kan faifansa. Lanƙwasa kaɗan ta isa ta sa hannun birki ya riƙa bugawa a yatsunka duk lokacin da ka kama.

Masu birkin ganga, irin na ƙananan babura, nasu kuskuren daban ne, kuma ya fi haɗari. A jikin murfin birkin akwai wani tsagi da dole ya shiga wani ɗan tudu da ke jikin ƙafar shoka. Shi ke hana murfin juyawa tare da taya. Ana iya ɗaure komai ba tare da tsagin ya zauna ba, a ido kamar lafiya lau. Ranar da aka kama birki da ƙarfi, murfin ya juya, ya fizge kebul, taya ta kulle ko birki ya tafi gaba ɗaya. Ka durƙusa ka gani da idonka cewa ya shiga kafin ka tura shaf. Haka giyar maleji: tana da 'yan haƙora biyu da ke faɗawa cikin gurbinsu a jikin wili. In ba su zauna ba ka ɗaure, za ka murƙushe su, allurar maleji ta kwanta. A babura masu ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa in an kama birki, na'urar da ke karanta gudun taya tana dab da wani zobe mai ramuka. Ka cire ta gefe kafin taya ta buge ta.

Ka duba kibiyar da ke gefen taya, tana nuna inda za ta juya idan babur na tafiya gaba. An fi yin kuskuren sa ta a juye bayan an kai wili an canza taya, ko a babur mai faifai biyu da wilinsa ke shiga ta kowane gefe.

Shaf yana son a goge shi a shafa masa giris kaɗan. In ya ƙi shiga, ba guduma yake nema ba, ramukan ne ba su daidaita ba. Ka ɗan ɗaga taya da ƙafarka ko da katako, zai zame da hannu. Duka kai tsaye yana baje bakin zaren, noti ya ƙi hawa. Giris ɗin kuma kada ya kusanci faifai ko takalmin birki. In ya taɓa faifai ka wanke da maganin wanke birki, takalmin da ya sha mai kuwa sai canji.

Sai ɗauri, inda jerin aiki ya fi muhimmanci. A babura masu ƙananan kusoshi da ke matse shaf a ƙasan ƙafar shoka, mutane kan ɗaure komai lokaci ɗaya tun babur na sama. Hakan yana kama ƙafar a karkace, shoka ta riƙa cijewa, robar da ke tare man shoka ta fara yoyo da wuri. Yawanci ana ɗaure notin shaf tukuna, a mayar da kalifa, a sauke babur, a kama birki a danna gaban ƙasa sau huɗu ko biyar ƙafar ta nemi mazauninta, sannan a ɗaure kusoshin. Wasu babura jerinsu ya ɗan bambanta, littafin babur ɗinka ne zai raba gardama, shi ne kuma ke da adadin ƙarfin ɗauri. Sifana mai auna ɗauri ta cancanci kuɗinta a nan, domin ƙananan kusoshin cikin alminiyom suke shiga, ƙarfin da ya dace da notin shaf zai tsinke musu zare. In notin mai fil ne, wato siririn ƙarfen da ake sokawa a lanƙwasa don kada noti ya kwance, ka sa sabon fil. Wanda aka lanƙwasa aka miƙe ya riga ya yi rauni.

Kafin ka tada inji, ka matsa hannun birki sau da yawa har ya yi tauri. Takalman da ka tura baya sun yi nesa da faifai, matsi na farko da na biyu babu abin da za su kama, kuma gara ka gano haka a tsakar gida. Mai birkin ganga ya daidaita notin kebul har hannun ya kama inda ya saba. Ka ɗaga gaban ka juya taya: 'yar ƙarar gogar takalmi ba komai ba ce, amma tayar da ta tsaya nan take tana nuna wani abu ya matse. Ka girgiza ta gefe da gefe ka ji ko boris yana wasa, ka auna iska, ka yi ɗan zagaye a hankali kana gwada birki, ka dawo ka sake bin kowane noti da sifana.